Tambaya da Amsa: Tsohuwar waya da kifin da ya ƙi baƙo

Na saba da saƙon "wayata ta faɗa ruwa". Wannan makon sai ga saƙonnin mutanen da ke son kai waya bakin ruwa da gangan. Ashe a nan Kaduna, duk nisanmu da teku, akwai masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri a akwatin gilashi, da duwatsu da murjani mai rai, wato halittar teku da ke manne wa dutse. Ni ba masanin kifi ba ne, waya da kwamfuta na sani. Amma na taɓa kafa wa wani abokina kamara a gaban irin wannan akwatin, muka kwashe mako muna kallon bidiyo kamar masu bin sawun ɓarawo, kuma a nan na koyi abin da zan faɗa.

Tambaya: Malam, ina da akwati mai cin lita 450 da kifin tang rawaya da ya shekara biyu a ciki. Na yi odar tang mai launin shunayya daga Legas na zuba. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar da wutsiyar sabon a yage, amma ban taɓa ganin faɗan da idona ba. Da na matso sai duka su fito neman abinci. Akwai yadda zan riƙa kallonsu ta waya daga ofis? Mai karatu daga Barnawa.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba sai ka sayi komai ba. Duba durowa, na tabbata akwai tsohuwar Android da aka yi ritaya saboda batir ko fasasshen gilashi. In dai kamararta ta baya tana aiki, ta wadatar. Manhajoji biyu na fi sani a wannan aikin. Alfred ana saka ta a wayoyi biyu, a shiga da asusu ɗaya, tsohuwar ta zama kamara, ta hannunka ta zama abin kallo, daga ko'ina. IP Webcam kuwa ta fi dacewa da kallo a cikin gida ta waifai, tana kuma ajiye bidiyo a cikin wayar.

Shawarata, ka rage kwaɗayin kallon kai tsaye. Bidiyon da ke tafiya da megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabayit 450 a awa guda. Lissafa awa takwas na aiki, ka ga data ta tafi a banza, kuma faɗan na iya faruwa daidai lokacin da oga ya kira ka. Gara ka sa wayar ta yi ta ɗauka a ƙaramin inganci, 720 ya isa, in ka dawo bayan isha'i ka zauna ka ja bidiyon da sauri. Ka jingine wayar kamar taku ɗaya da rabi daga akwatin yadda za ta ɗauke shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ka kashe filasha, ka ja labule, domin hasken taga kan mayar da gilashin madubi, sai ka ƙare da bidiyon kujerun falonka.

Ga abin da za ka nema a bidiyon. Tang ba da baki kaɗai yake faɗa ba. A gindin wutsiyarsa akwai ƙaya mai kaifi kamar aska, ɗaya a kowane gefe, tana kwance cikin wani ɗan rami sai ya so ya miƙe ta. Shi ya sa Turawa ke kiran danginsa da sunan likitan fiɗa. A jikin rawayan fara ce, za ka gan ta ƙarara. A bidiyon abokina, da muka rage gudu, sai muka ga tsohon ya buɗe fukafukan sama da ƙasa har ya koma kamar faifai, ya jera kafaɗa da baƙon, sannan ya ja da baya ya kaɗa masa wutsiya. Duka abin bai kai daƙiƙa biyu ba. Baƙon kuma ya tafi ya maƙale a kusurwar sama, bayan famfon ruwa, launinsa ya dushe. In ka ga kifinka ya tare a irin wannan kusurwar, ba ya saukowa ko don ci, to an hana shi gida ne, kuma yunwa da fargaba kan kashe shi kafin rauni.

Ka rubuta abu uku daga bidiyon: ƙarfe nawa ake korar, a wane dutse ake farawa, sau nawa a awa. Kora ta ɗan lokaci a kwanakin farko, wadda ke raguwa kullum, zaman uwargida da amarya ne, yakan lafa. Wadda ba ta raguwa, ga yaga a jiki, ba ta jiran sati.

Yanzu gaskiyar da waya ba za ta gyara ba. Ka haɗa kifaye biyu da suka fi kowa rashin jituwa. Rawayan, wanda aka fi sani daga tekun Hawai, da mai shunayyar, ɗan Bahar Maliya, 'yan gida ɗaya ne, jinsin Zebrasoma. Siffarsu ɗaya, dogon bakinsu ɗaya, gansakukar da suke kiwo a kan dutse ɗaya. Tang ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi, domin a idonsa wannan ne zai cinye masa gona. Lita 450 kuma daidai take da guda ɗaya, ta yi wa biyu kaɗan. Da ka tambaye ni kafin ka tura kuɗi Legas, da na ce ka bari.

Tunda an riga an yi, ga abin da masu harkar ke yi. Ana saka baƙon cikin ƙaramin akwatin roba mai huji-huji da ake gani ta cikinsa, a rataye shi a cikin babban na wasu kwanaki. Tsohon zai yi ta kai hari yana dukan roba har ya gaji. Wasu kuma tsohon suke kamawa su kulle, su bar baƙon ya san lunguna. Ana sauya wa duwatsu wuri don iyakokin da tsohon ya shata su ruɗe, in murjaninka bai riga ya manne ya hana ba. Ana liƙa madubi a wajen gilashi, sai mai faɗan ya koma yaƙi da inuwarsa, amma kwana biyu ko uku ne, kada a bar shi ya galabaita. Sai busasshen ganyen tekun nan da ake kira nori: a maƙala shi wuri biyu, can da can, don mai gida ba zai iya tsare ƙofa biyu lokaci guda ba. Duk wanda ka gwada, ka bar kamara tana aiki, gani ya kori ji. In adadin korar bai sauka ba, ka nemi wanda zai karɓi ɗaya.

Gargaɗi ɗaya kan wayar kanta. Tsohon batir da aka bari a caji dare da rana, a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, yana kumbura. Cire mata riga, kada ka ɗora ta kusa da fitilar akwatin, kuma in tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi. Ƙurar gishiri ma tana cin ramin caja, wani dalilin ja da ita baya ke nan.

Tambaya: Duk bidiyon akwatin kifina da na ɗauka shuɗi ne fes, ba na bambance kifi da dutse. Kamarar ce ta lalace? Wata mai karatu daga Malali.

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Fitilun murjani shuɗin haske suke zubawa da yawa, kamarar waya kuma ba ta iya daidaita shi yadda idon mutum ke yi. Shiga saitin ƙwararru na kamarar, wanda aka rubuta Pro, ki nemi WB, wato saitin daidaita launi, ki ja lambar zuwa ƙarshen sama, wajen 8000 zuwa 10000. In bai isa ba, akwai ɗan gilashi mai ruwan lemo da ake maƙala wa idon kamara, shi ke tsotse shuɗin. Mafi sauƙi, ki ƙara farin haske a fitilar na lokacin ɗauka. Af, in kika ɗauki tang rawaya da asuba kika ga ya koɗe da farin layi a tsakiyar jikinsa, kada hankalinki ya tashi, rigar barcinsa ke nan.

Tambaya: An ce in kashe fitila lokacin zuba sabon kifi. Na sayi soket mai waifai don in riƙa sarrafa ta daga shago, amma ya ƙi haɗuwa da intanet ɗin gida. Daga Unguwar Rimi.

Amsa: Shawarar da aka ba ka daidai ce, duhu yana rage faɗa, shi ya sa ake zuba baƙo da dare. Matsalar soket ɗin kuwa kusan kullum ɗaya ce: na'urar waifai ta gida, wato rauta, kan fitar da layi biyu, na 2.4 da na 5, yawancinsu kuma layin 2.4 kawai suke gani, ba sa ganin na 5. Shiga saitin rauta ka raba layukan biyu da suna daban-daban, ka haɗa wayarka da na 2.4, sannan ka sake gwadawa. Bayan ya haɗu ka duba saitin abin da zai yi in wuta ta dawo, ka zaɓi ya koma yadda yake kafin a ɗauke. In ba haka ba, ƙarfe biyu na dare wuta za ta dawo fitila ta haske akwatin, a tashi faɗa kana barci. Fitila kawai za ka ɗora a kai. Famfon da ke juya ruwa kada ya bi ta soket ɗin da ɗan yatsa zai iya kashewa bisa kuskure.

Tambaya: Sabon tang ɗina ya fito da fararen ɗige kamar an watsa masa gishiri, kwana biyu bayan mun wuni ba wuta. Akwai na'urar da za ta riƙa sanar da ni a waya in zafin ruwan ya sauya? Daga Kawo.

Amsa: Ɗigen nan ƙwayar cuta ce da tang ya fi yawancin kifaye saurin kamuwa da ita, kuma takan yi ƙarfi a jikin kifin da ya sha wahalar tafiya, kora ko zafi. Maganinta a akwati na daban ake yi, domin maganin da ke ɗauke da tagulla yana kashe murjani. Dalilin da ya sa masu ƙwarewa ke killace sabon kifi makonni kafin su haɗa shi da sauran ke nan.

Na'ura kuwa akwai: ma'aunin zafi mai waifai, mai igiyar da ake tsomawa a ruwa. Ka saita ya yi ƙara in ruwa ya wuce digiri 27 ko ya sauka ƙasa da 24, domin sanyin hunturu na Disamba da Janairu ma yana taɓa akwati. Sai dai ka tuna, in wuta ta tafi rauta ma ya tafi, saƙon ba zai fito ba, sai ka ɗora rautan a kan inbata ko ƙaramin batirinsa. Abin da ya fi ma'aunin gaggawa shi ne iska. Ruwan da ya tsaya cak iskarsa ƙarewa take yi, ruwan ɗumi kuma dama bai riƙe ta da yawa. Sayi ɗan famfon iska mai bakin USB ka haɗa shi da fawa-banki. Ka gwada su tare tun da wuta, ka zauna minti goma kana kallon kumfa, saboda wasu fawa-bankin kan kashe kansu in abin da aka jona bai ja wuta sosai ba.