Tambaya da Amsa: Sulallan Azurfa na Rumawa

Tambaya: Malam, na sayi sulen azurfa ta intanet, an ce na Sarki Trajan ne. Nauyinsa giram 2.4, a jikinsa akwai COS V. Na gaske ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, wannan nauyi abin dubawa ne. Denarius, wato sulen azurfa na Rumawa, a zamanin Trajan yakan kai giram 3 zuwa 3.4, faɗinsa milimita 18 zuwa 20. Gogewa da daɗewa a ƙasa suna rage nauyi, amma idan rubutun na nan raɗau kuma nauyin ya faɗi haka, a yi hattara.

Samo gilashin ƙara girma mai ninki 10, ka fara da gefe. Rumawa bugawa suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu, don haka haruffa kan fito da kaifi, da siraran layuka da suka nufi baki. Jabun da aka yi da zubi kuwa za ka ga layin haɗi a gefe ko alamar an goge shi da zarto, da ƙananan ramuka na kumfar iska, haruffan kuma sun yi dakushi. Akwai kuma jabun da aka yi tun a zamanin: jan ƙarfe a ciki, fallen azurfa a waje. Inda fallen ya ɓare za ka ga kore ko ja. Masu tara tsofaffin sulalla na sayensa, amma da sunan jabu. Kada ka dogara da maganaɗisu, domin ba ya kama jan ƙarfe ko dalma, kamar yadda ba ya kama azurfa.

COS V na nufin Trajan ya riƙe muƙamin konsul, babban muƙami a mulkin Rumawa, karo na biyar, wato tsakanin shekarar 103 da 111 Miladiyya. COS VI ya fara a 112. Maƙerin jabu ma zai iya kwafe wannan, saboda haka rubutu kaɗai ba hujja ba ne.

Tambaya: Sulena ya yi baƙi, in wanke shi? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ki bar shi. Baƙin nan yana cikin darajarsa. Toka, man goge baki ko lemon tsami suna kankare fuskar, kuma tsohuwar azurfa kan yi gautsi har ta tsage. Idan laka ce, jiƙa shi a tataccen ruwa, ki share da burushi mai laushi, ya bushe sarai. Ki ajiye shi a ambulan takarda marar asid, ba ledar PVC ba, domin tana barin koren danƙo mai cin ƙarfe.