Haya ta kusa ƙarewa, gidan da za a saya bai fito ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanina, na saurari muryarka. In na fahimce ka daidai, hayarka za ta ƙare ƙarshen wata mai kamawa, ka ba da kafin alƙalami a gidan da za ka saya, gidan gado ne, magada biyu ba su sa hannu ba, kuma akwai ɗan haya a ciki. Dillali kuma kullum sati biyu, sati biyu. To, Allah Ya kawo mafita.

Sati biyun nan dai ka cire shi daga lissafi. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma la'adarsa ba ta fita sai an kammala ciniki, ka ga kuwa ba abin da zai fito daga bakinsa sai "an kusa". Gidan gado ba ya tafiya da agogon dillali. Kowane magaji yana da haƙƙinsa, har da matan da ke gidan aure a wani gari, waɗanda ake yawan mantawa da su sai kuɗi ya shigo. In ɗaya ta ce ba da yawunta ba, sai ka ga sammaci daga kotun shari'a bayan ka tare. Ka ce a nuna maka takardar rabon gado. In akwai marayu ƙanana a cikin magadan, ka tambayi wa ke tsaya musu, kuma alƙali ya san da maganar sayarwar?

Amma aikin gobe ba wannan ba ne. Gobe da safe, wajen mai gidan da kake ciki za ka. Ba waya ba, ba saƙo ta hannun mai karɓar haya ba, da ƙafarka. In da hali ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko limamin layinku. Ka faɗa masa gaskiya: na sayi gida, takardu sun tsaya, ina roƙon wata uku, wata-wata zan biya. A ce hayarka naira 600,000 ce a shekara, wata ya kama 50,000. Ka ce za ka ba da 60,000, ka ajiye na wata biyu a gabansa. Na san za ka ce ai asara ce. Kwatanta ta da sabuwar hayar shekara guda, ga la'ada, ga kuɗin mota sau biyu. Kuma ka roƙi wata uku ko da kana ganin ɗaya zai isa, don komawa roƙo na biyu ya fi na farko nauyi. Abin da ya sa nake cewa gobe, da zarar ya karɓi kuɗin wani sabon ɗan haya, ko yana son taimakonka hannunsa ya ɗaure.

Wani a guruf ɗin nan ya ce ai doka ta ba ka wata shida, ka yi zamanka. Tsaya tukuna. Eh, mai hayar shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Amma in takardarka ta ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza, ranar na cika hayar ta mutu, sai notis na kwana 7, sannan kotu. Ba shi da ikon ya cire maka rufi ko ya watso kayanka waje, wannan gaskiya ne, amma duk kwanan da ka ƙara sai ka biya. Ni dai ba zan ce ka shiga gidan mutumin da kuka zauna lafiya da doka a baki ba. Ka san ta, ka bar ta a aljihu.

Kuma ka lura, dokar nan da ta rufa maka asiri ita ce ta rufa wa ɗan hayar da ke gidan da za ka saya. Sayar da gida ba ya kashe hayarsa. Yaushe tasa za ta ƙare? An ba shi notis a rubuce, ko dai "mun gaya masa" ne? Je ka gaishe shi ka ji daga bakinsa. Sau da yawa a nan za ka gano ainihin ranar tarewarka.

Inda nake jin tsoro shi ne matsin tashi ya sa ka biya cikon kuɗin. Za su ce kawo sauran mu sallami magada, komai zai yi sauri. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Kuɗin nan da ke hannunka shi ne kaɗai abin da ke sa su motsi. Ku zauna da lauya da shaidu, mai unguwa ya sa hannu, a rubuta cewa farashi ya tsaya, ba mai ƙara shi gobe, cikon kuɗi sai ranar da kowa ya sa hannu aka miƙa makulli gida babu kowa, in kuma ranar kaza ta wuce a dawo maka da kafin alƙalaminka cif. In ɗan hayar ya fita suka ce shiga ka zauna kafin a gama, shiga, amma da takarda, kuma kada ka sa tayil ko ka haƙa burtsatse tukuna.

In gidan yana da satifiket ɗin mallaka na gwamnati, lauyanka ya je KANGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ya bincika ko sunan mamacin ne a kai, ko an jinginar da shi a banki. 'Yan Kaduna KADGIS ne, 'yan Abuja AGIS. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da mallaka, wannan kan ɗauki watanni, amma ba ya hana tarewa.

To in mai gida ya ƙi fa? Ka nemi ɗaki guda ko shago a unguwa ka zuba kaya, ka ɗora katifu da kujeru a kan katako saboda danshi da gara. In uwargida za ta koma gidansu na ɗan lokaci, kai da kanka za ka je ka yi wa surukanka bayani tun kafin ta isa da akwati, in ba haka ba kafin la'asar unguwa ta ɗauka yaji ta yi. Ita ma kada ka riƙa gaya mata sati biyun dillali. Yara kuma a bar su a makarantarsu har zangon ya ƙare, ko da za a sha kuɗin adaidaita.

Ka turo min hoton takardar hayarka ni kaɗai, ba a guruf ba, in ga wace iri ce kafin ka fita da safe. A gaida iyali.