Tukunyar da ka tono a kufai

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, ƙanwarka ta kunna mini shi a salula, ta nuna mini hotunan. Ka ce kuna haƙa ramin salga a gidan gona, can gefen kufai, diga ta bugi tukunya, ka tarar da wuri, kuɗin mutanen da, a ciki, da mundaye biyu na ƙarfe, da wani baƙin dutse mai santsi. Kana tambaya ko sai an yanka wani abu kafin a taɓa, kuma ko ka sayar wa mutumin da ya taya jaka goma. Zancen yankan ya sa ni murmushi, don ban zaci ɗan lakwal irinka zai kawo shi ba. Zancen jaka goman kuwa, da shi na kwana a raina.

Wannan kufan na san shi tun mahaifinka yana goye. A 1964, zamanin Diori Hamani, ina da shekara goma sha biyu, bayan an gama kaka, kakanmu ya tura ni da yayanmu mu haƙo ƙasar da za a gina sabon rumbu. Rami ya kai mini ƙugu sai hauya ta yi wata ƙara daban, kamar an ƙwanƙwasa tulun da ba ruwa. Muka ajiye hauya muka bi da hannu. Tukunya ce, an kife mata kasko a baki, an shafe gefen da laka. Yaya ya ɓamɓare lakar. Har yau ina jin wannan warin, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Wuri ne maƙil, farinsa ya koma ruwan ƙasa, kowane an fasa masa baya don shiga zare, zaren kuwa yana taɓuwa yana zama gari. Na cika aljihuna biyu kafin na ruga gida.

Kaka ya zo, bai yi sauri ba. Da ya iso bakin ramin ya cire takalmansa ya tsuguna, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Sannan ya dube ni, ya dubi aljihuna, bai ce uffan ba. Da kaina na juye su cikin tukunyar, ina jin kunnuwana sun yi zafi. A hanyar komawa ya ce mana, "Wanda ya binne abu, da niyyar dawowa ya binne. Ƙasa ajiya aka ba ta, ba kyauta ba."

Washegari ya sa aka jawo wata tsohuwa makauniya, wadda ta fi kowa shekaru a garin. Ta zauna a ƙasa, aka ɗora mata tukunyar a cinya, ta daɗe tana bin zanen wuyanta da yatsa. Ta ce nan gidan wasu maƙera ne, sun watse shekarar da Nasara suka ci yaƙi a Tirmini. A 1899 ke nan, zamanin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, shekara ɗaya bayan kashe Bafaranshen nan Kazamaju a Damagaram. Ta ce tana yarinya ta ga mutane na gudu kudu da abin da kai zai iya ɗauka, abin da ya fi ƙarfin kai a tona masa rami cikin dare. Wuri kuwa nauyi gare shi. Zambar ashirin ne keso guda, kayan jaki ne, ba na mai gudu da goyo ba.

Liman ya ce in dukiyar mutanen jahiliyya ce, rikazi ke nan, a fitar da ɗaya cikin biyar. In ta Musulmi ce, tsintuwa ce, sai an yi cigiya shekara guda. Ka tuna fa, a lokacin wurin nan ko ƙosai ba zai saya ba, tun da Nasara suka ce da tamma za a biya haraji ya mutu. Amma Kaka ya yi cigiyar. Duk ranar kasuwar Mirya sai ya bar sallahu wurin maƙera da fatake. Gab da damina sai ga wani dattijo a kan jaki daga wajen Magarya. Ya ce uwarsa har ta rasu tana zancen tukunyar da ubanta ya binne. Ya sa hannu ciki har gwiwar hannu, ya yi shiru, hawaye na bin gemunsa. Cikin tafi ɗaya kawai ya ɗiba ya ƙulle a bakin rawani, sauran ya ce a raba wa mata su yi wa ƴan mata ado. Ya kwana biyu a zaurenmu. Jikokinsa ne waɗannan da suka zo ta'aziyyar mahaifinka, kuka rasa ko su wane ne.

Ban ga an yanka ko kaza ba. Fatiha aka yi, Inna ta dama fura aka raba wa almajirai.

Baƙin dutsen nan mu gatarin aradu muke ce masa. Kakarmu tana da guda a gindin rumbu, ta ce tsawa ba ta faɗa wa inda ɗan'uwanta yake. Daga baya wani mushen lakwal ya gaya mini gatari ne na mutanen farko, tun ba a san ƙarfe ba, da hannu suka goge shi. In haka ne ya girmi tukunyar nesa ba kusa ba, wani ne shi ma ya tsinta ya adana.

Abin da ke damuna da ku ƴan yanzu, tun da aka samu zinariya a Jado a 2014, kowa ya ɗauki ƙasa kamar asusu. Ina ganin samari da na'ura suna bin kufai, har makabartun da. Kai ma hoto ka fara ɗauka, farashi ka fara ji, ba ka fara tambayar gidan wa ba ne. Ban ga laifinka kai kaɗai ba, mu ne ba mu zaunar da ku mun nuna muku inda kowane gida yake ba. Shi mai jaka goman, ka tambaye shi ina zai kai su? Akwai doka tun 1997 a kan kayan tarihi, akwai gidan ajiye su a nan Damagaram, akwai babba a Yamai.

Kada ka wanke komai, kada ka kankare mundayen. Ka rufe ramin da zana, salga ta jira. In kun ga ƙashi, ku mayar da ƙasa nan take ku gaya wa mai gari da liman. Ka je wurin gwaggonka da goro, ka kai mata tukunyar ta gani da idonta, ita ta yi zaman ɗaki da tsohuwar nan, ta fi ni riƙe sunaye. Ni ma in Allah ya kai mu bayan Juma'a zan shigo mota, ina son in ga zanen wuyanta.