Ku Tambayi Kawu: 'Yata ta yi amai a kan lilo, in bar ta ta sake hawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Tudun Wada, Zariya. Da ƙaramar Sallah maigidana ya kai mu wani wajen wasan yara a Kaduna. Babbar 'yata mai shekara tara ta hau lilon nan mai juyawa, tana saukowa sai jiri da amai. Yanzu babbar Sallah ta ƙarato, ta addabe mu sai an koma, kakarta kuwa ta ce kada a kuskura. Akwai illa ne? Kuma me ya sa mu a Zariya sai mun niƙi hanya kafin yaranmu su ga irin waɗannan abubuwa? Daga Maman Yara, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Ki bar ta ta koma. Yarinyar da ta yi amai kuma ta ce sai ta sake hawa, lafiyarta ƙalau, kuma tana da zuciya.

Can cikin kunnen kowannenmu akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Idan lilo ya yi ta juya mutum, ruwan nan ma juyawa yake. Lilo ya tsaya, ruwa bai tsaya ba tukuna. Ido ya ce an tsaya, kunne ya ce ana tafiya, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, zuciya ta tashi. Shi ne dai abin da ke sa wasu amai a mota tun ba a wuce Jaji ba, kuma ya fi kama yara tsararrakinta. Kada ta hau da ciki cike da soyayyen naman layya, kada kuma ta hau da yunwa. Ta fara da mai tafiya a hankali, ta riƙa kallon gabanta can nesa, ta huta kafin ta hau wani. Amma yaro mai farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko ciwon kunne, sai an ji ta bakin likita. Haka nan in jirin ya ƙi sakin ta har ta kwana da shi. Hajiya kaka kuwa ki lallaɓa ta, tsoron jika ne, ki roƙe ta ta yi musu addu'a kafin ku fita.

Abin da nake so gabanki ya faɗi a kansa shi ne ƙarfen. Kafin ki sayi tikiti, ki tsaya ki kalli lilon ya yi zagaye ɗaya da 'ya'yan wasu. Dubi wajen walda, ko akwai tsatsa ko tsagewa. Dubi sarƙar, kada ki ga an ɗaure wani wuri da waya. Sandar da ke tare yaro a kujera, ki ja ta da hannunki ki ji ko ta kulle. Ki duba ƙasa, ko wayar lantarki na kwance a fili inda yara ke gudu ba takalmi. Sannan ki kalli mai kula da injin: idonsa na kan yara ne ko yana kan wayarsa? Ranar Sallah wasu sukan cusa yara huɗu a kujerar mutum biyu saboda layi ya yi tsawo. Kada ki yarda, ko da za ta yi kuka. Akwai kuma abin da iyaye mata kan manta, wato dogon hijabi da mayafi. Injin da ke juyawa in ya kama bakin zane ba ya saki. Ki tattare mata shi, ki cusa cikin riga, ko ki sa mata ƙarami.

Tambayarki ta biyu ta taɓa ni. Mu da muka tashi a cikin ganuwa, lilonmu zuwa yake da Sallah ya tafi da Sallah. Ana saura kwana kaɗan sai ka ga masu shi sun kafa a fili, katako ne da ƙarfe, kujeru huɗu, babu inji babu lantarki, ƙarti biyu ne ke turawa da hannu suna rataya a jikinsa. Bayan an kalli hawan Sarki, an ga dawakai sun kai jafi a ƙofar fada, sai mu ƙirga barka da Sallar da muka tara gida-gida. Sule ɗaya ta lilo ce, sisi na alawar madara ko gullisuwa. Idan kujerarka ta kai ƙololuwa mai turawa yakan ɗan tsayar da kai, ka hango soraye da kan dabino da itatuwan rimi, ka ji ƙugin bakin ƙarfen da aka shafa wa baƙin mai, sabon yadinka na kaɗawa. Yana saki sai cikinka ya taso wuya, 'yan mata na ihu suna kiran iyayensu, ana saukowa kowa na laluben aljihu ko da saura. Wanda kuɗinsa suka ƙare yakan taya turawa a ba shi hawa ɗaya kyauta.

Babban lilon nan mai kama da ƙafar keke da ake gani a wuraren wasa irin na Kaduna jikan wancan ne a wajen aiki, sai dai asalinsa Amurka. Wani injiniya mai suna George Ferris ya gina na farkonsa don baje kolin birnin Chicago a 1893, tsayinsa kusan mita 80, da ɗakuna 36, kowanne na ɗaukar mutum 60. Na ƙarfe mai inji kuwa kuɗi yake ci kullum, a nan ne matsalarmu take. Yana son wuta tsayayya, in babu sai janareta, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san yadda mai ya koma. Ƙaramin abu in ya lalace sai an yi odarsa daga waje. Mu kuma ba ma zuwa sai da Sallah biyu, 'yan'uwanmu Kirista da Kirsimeti, sauran watanni wuri ya zauna shiru ana biyan maigadi. Na gwamnati a buɗe da biki, a manta da kuɗin gyara. Fili ya yi tsada, sai ka wayi gari an yanka shi an jera shaguna. Filayen da aka kafa mana lilo da yawa yau gidaje ne.

Wannan yana mini ciwo. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, wadda take yaye injiniyoyi kowace shekara, ga maƙera da masu walda a Sabon Gari da babu abin da hannunsu bai iya ba, bai kamata a ce uwa sai ta yi tafiyar kilomita kusan 80 kafin 'yarta ta hau lilo mai aminci ba. Ba sai an yi irin na Abuja ba. Fili mai katanga da inuwa, lilo biyar masu ƙwari, bayan gida mai tsabta, wajen sallah, kuɗin shiga da ɗan acaɓa zai iya biya wa 'ya'yansa. Masu hannu da shuni na Zazzau da ke karanta wannan shafi, ga inda za ku sa kuɗi.

Kafin nan, ku je Kadunan, amma ku bari sai rana ta uku ko ta huɗu, lokacin cunkoso ya ragu kuma masu injin ba sa gaggawa. In da sauran lokaci ku biya wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogi, yara su taka gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Ku fita da sassafe da ruwanku da abincinku, ki rubuta lambar wayar babansu a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu, ku kamo hanyar gida da la'asar.