Dawakin wuta a kan takarda: yaya ake gane zane mai kyau?

Tambaya: Na ga zanen ingarmu biyu suna faɗa, ɗaya shuɗi gezarsa na ci da wuta, ɗaya akawal mai fukafukai. Abokina ya ce shirme ne tunda babu doki haka. Da me ake auna irin wannan zane? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Abokinka ya kama launi, ya bar doki. Mai zane yana da damar sauya launi, ya ƙara tsawon wuya, ya sa fiffike. Tun a 1911 mai zane Bajamushe Franz Marc ya zana dawaki shuɗɗa, kuma da gangan ya yi. Abin da ba a yafe wa mai zane shi ne ƙashi, nauyi da halin dabbar.

Fara da kunnuwa. Ingarman da ya fusata yakan kwantar da su baya, su manne da ƙeya. In ka ga yana kai cizo amma kunnuwa a tsaye suna duban gaba, mai zanen bai taɓa tsayawa kusa da faɗan dawaki ba. Sannan faɗan nasu ba karo ba ne irin na raguna. Cizo ne a wuya da ƙafafun gaba, da miƙewa tsaye ana sara da kofato, da juya baya a yi harbi. Wani ma yakan durƙusa don ya kare ƙafafunsa.

Daga nan sai ƙafafun baya, inda yawancin zane ke lalacewa. Dokin da ya miƙe, ƙafafunsa na baya suna shiga ƙarƙashin cikinsa a lanƙwashe, cinya ta ɗauki nauyi. In an zana su a miƙe can baya, dokin zai zama kamar an rataye shi da igiya. Fiffike kuma a kafaɗa yake dasawa, da tsoka mai kauri a gindinsa, ba a tsakiyar baya ba.

Ga gwaji mai sauƙi: mayar da hoton baƙi da fari a wayarka. In har yanzu kana rarrabe jikin kowane doki, kana gane wanda ya fi ƙarfi, aikin ya tsaya da ƙafarsa. In sun cakuɗe, wuta da hayaƙin rufa-rufa ne kawai. Nemi zanen Bafaranshe Delacroix na 1860, na dawakin Larabawa da ke faɗa a barga, ka kwatanta. Ya ga irin wannan faɗa da idonsa a Maroko a 1832, shi ya sa murɗewar wuyan nan take ratsa mai kallo.

Tambaya: Ina so in buga shi in rataye a falo.

Amsa: Nemi izinin mai zanen tukuna, ka karɓi asalin hoton daga hannunsa. Takarda girman A3 tana bukatar kusan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 3,500 a faɗi da 4,960 a tsawo. Wanda ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, gashin geza zai fito a dame. Ka rataye shi inda rana ba ta bugunsa, don tawada mai arha saurin koɗewa gare ta.