Kada Ka Ɗora Takalmin Nan a Kan Kalibi

Habu, saƙonka ya same ni a Makka bayan la'asar. Ka ce wani matashi mai gudun mita 100 ya kawo shago takalminsa mai ƙusoshi yana kukan ya matse shi, yana son a buɗa masa, kana tambaya ko da zafi za ka yi ko da ruwa. Shekara uku kana zaune a gabana a Jidda, amma har yanzu kana ɗaukar kowane takalmi kamar na fata. Kada ka taɓa shi.

Matsin da yake kuka da shi da gangan aka yi shi. Mai gajeren gudu a kan gaban ƙafarsa yake tafiya, dunduniyarsa da kyar take taɓa ƙasa, shi ya sa ba a yi mata laushi ba, aka kuma dasa ƙusoshi shida zuwa takwas a ƙarƙashin yatsu, a jikin faranti mai tauri na roba ko na kabon wanda ba ya son lanƙwasa. Idan ƙafa ta samu wurin zamewa a ciki, ƙarfin da ya kamata ya tura ƙasa sai ya ƙare a cikin takalmin, musamman a kwanar mita 200. Da yawansu ko safa ba sa sawa.

Ni da kuɗina na sayi wannan karatu. Bayan Hadi Su'an ya ciwo wa Saudiyya lambar azurfa a tseren mita 400 na tsallake shinge a gasar Olympics ta Sidni a shekarar 2000, kowane yaro a unguwarmu ya zama ɗan tsere. A bazarar da ta biyo baya wani mai horar da yara ya shigo mini da takalma ƙafa goma sha biyu a buhu, ya ce duk sun matse yaransa. Na gaya masa cewa saman wannan takalmi ba fata ba ne, ba ya miƙewa, amma sai ya shiga zuga ni, wai duk unguwar Sabil babu mu'allimin gyaran takalmi da ke da hannu irin nawa. Daɗin baki ya ɗauke ni, na hura musu iska mai zafi, na ɗora su a kalibi, abin da muke buɗa takalmi da shi, suka kwana. Saman bai ƙaru da komai ba, gam ɗin da ya riƙe farantin ne ya saki daga ciki inda ido ba ya gani. Shi kuma ya bar su kwana uku a bayan mota cikin ranar Jidda. Ranar atisaye faranti huɗu suka ɓalle, yaro ɗaya ya kife ya ɗaye gwiwa.

Mutumin nan ya dawo da shaidu biyu, yana rantsuwa cewa sababbi ne fil daga Jamus. Dattawan unguwa suka ce in biya don a zauna lafiya, na ƙirga masa riyal 3,000, kuɗin da nake tarawa na hayar shago, ladan aikina kuwa ko sisi. Sai daga baya na ji cewa kwantai ne ya kwasa da araha a Haraj, kasuwar gwanjo, bai auna ƙafar yaro ko ɗaya ba. Har yau idan muka haɗu a masallaci shi yake fara miƙo hannu, ba kunya.

Saboda haka ka sa yaron ya sa takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya ɗaure igiya sosai, ya miƙe a kan yatsunsa. Idan babban yatsa ya kusa taɓa baki amma bai lanƙwashe ba, dunduniya kuma ba ta ɗagawa, takalminsa daidai ne, bai saba ba ne kawai, ya riƙa cire shi tsakanin gudu da gudu. Idan yatsun sun dunƙule ko farce na zafi, to ƙarami ya saya, ko kuwa ƙafarsa mai faɗi ce, ya nemi wani samfuri. Na san daga waya ya yi odarsa da lambar takalmin ɗaurin aurensa, haka yaran yanzu suke, sun fi yarda da hoto a kan mai sana'a.

Sauya ƙusa ba sai na koya maka ba. Ka dai shafa basilin a zarenta saboda raɓar Jidda tana sa tsatsa, kuma kada ka ɗaura masa dogaye don ya ce suna kama ƙasa. Dokar hukumar guje-guje ta duniya ba ta yarda ƙusa ta wuce milimita 9 ba, ko adadinsu ya wuce 11, ko kaurin tafin takalmin ya wuce milimita 20, filaye da yawa ma ƙusa mai milimita 6 suke karɓa. A 1968 John Carlos, ɗan tseren Amurka, ya yi gudun mita 200 da takalmin Puma mai ƙananan ƙusoshi 68, aka ƙi rubuta masa tarihin da ya kafa.

Ka mayar masa da takalminsa yadda ya kawo shi, kada ka karɓi ko riyal ɗaya. Ina dawowa ranar Asabar in Allah Ya yarda.