Amsa ga 'yar uwa mai neman bilenda mai ƙarfi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin gaji da aiken yara wurin mai inji, kina son bilendar da za ta markaɗa miki wake da aya a gida, kuma kin ga wata an rubuta wat 8000 a kwalinta. Don Allah ki dakata tukuna.

Wannan lambar ta kwali ita ta cuce ni. Soket ɗin bangon gidajenmu amfiya 13 yake ɗauka, wutarmu kuma bolt 230 ce, in aka lissafa abin da zai ba ki bai wuce wat 3000 ba. To ina 8000 za ta fito? Na sayi irinta ana gobe azumi. Rana ta huɗu ina markaɗen ƙosai sai na ji ƙauri, hayaƙi na fitowa ta ƙasanta. Da mai gyara ya kwance ta ya kankare wayar injin da wuƙa, sai ga ta fara fat. Alminiyam ce aka shafa wa launin jan ƙarfe. Wallahi ranar har ƙwalla na yi, ga wake a jiƙe ga magariba ta kawo kai.

Wadda nake amfani da ita yanzu wat 1500 ce, shekararta huɗu a hannuna, kuma ba abin da ya gagare ta, daga kayan miya har waken awara da jiƙaƙƙen gero. Tsakanin 1000 zuwa 1500 ya ishi gida, in dai na gaskiya ne.

In kin je shago ki ɗaga gindinta ki ji. Mai wayar jan ƙarfe nauyi gare ta. Ki kifa kofin ki duba haƙoran da ke haɗa shi da inji, in na ƙarfe ne ya fi, na roba aya ke cinye su. Ki nemi mai kofi biyu, don citta da kanumfari da barkono suna dusashe kofin markaɗe, ƙamshinsu kuma ba ya fita, sai ki ji yaji a furarki. Akwai masu ɗan maɓalli a ƙasa, in ta yi zafi ta kashe kanta. Wannan kam kar ki raina shi, kin san zafin Sakkwato, a watan Afrilu yana haura digiri 40. Ni minti ɗaya nake barinta tana aiki, ta huta, in sake kunnawa. Aya kuwa sai ta kwana a ruwa kafin ta shiga kofi.

Ta gwanjo ma akwai masu kyau, amma ki karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 ce, kina sa ta a wutarmu ba tiransifoma ta ƙone. Kuma kada ki biya kuɗi sai an kunna miki ita a gabanki.

Abin da ba ki faɗa mana ba shi ne wutar gidanki. Ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai bai kai wat 1000 ba, ba zai ja ta ba. In wuta ta zo ba ƙarfi, kika ji tana gurnani wuƙar ba ta juyawa sosai, ki kashe nan take. In kuma sola kuke da ita, ki turo mana ƙarfin inbatarku in faɗa miki girman da zai yi daidai da ita.